Tambaya da Amsa: Na haihu, an sace aikina, ta ina zan koma zane?

Assalamu alaikum Anti. Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya yara? Ni mai zanen labari ce, irin wanda ake jera hotuna gida-gida da maganar mutane a ciki. Da kuɗina na buga kashi na ɗaya da na biyu na wani labari da na tsara zai kai kashi biyar, kowanne shafi 24. Na biyun mai maɗaba'a ya ɓata min shi, baƙi ya cinye fuskokin mutanen, kuma ko sisi bai mayar min ba. Duk da haka mutum 43 suka biya ni naira 1,500 kowannensu tun kafin na uku ya fito. Na zana shafi 19 ke nan ɓarayi suka shiga gidanmu suka ɗauke kwamfutar, ban kuwa ajiye aikin a wani wuri ba. Lokacin cikina wata bakwai. Yanzu 'yata ta cika wata biyar. Ina son komawa, amma da na ɗauki fensir sai jikina ya yi sanyi, ga gindin babban yatsana yana min ciwo. Kunyar waɗanda suka biya ta sa na daina buɗe Instagram, in kuma na leƙa sai in ga masu zane na Legas sun yi min nisa. Maigidana bai hana ni ba, amma uwar mijina ta ce yanzu na girma, in bar wasan yara. Anti, in sake zana na ukun tun daga farko, ko in haƙura da zane gaba ɗaya?

Mai goyo, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya raya mana ita bisa imani, ya kuma mayar miki da alherin abin da aka ɗauke miki.

Ba zan ce ki haƙura ba, ba kuma zan ce ki sake zana na ukun yanzu ba. Zan fara da abin da na ga ya fi danne ki a wasiƙar nan, wato mutanen nan 43. A ganina sanyin jikin da kike ji in kin ɗauki fensir daga nan yake tasowa. Kowane layi kika ja, zuciyarki na tuna miki cewa akwai masu jira, kuma kin yi musu shiru. Kuɗinsu naira 64,500 ne gaba ɗaya, kuma haƙƙi ne a wuyanki, ko da ba laifinki ba ne aka yi satar. A makon nan ki rubuta saƙo guda, gajere, ki tura wa kowa shi kaɗai, ba a bainar jama'a ba. Ki faɗi abin da ya faru yadda kika faɗa min, ba tare da dogon ban haƙuri ba, sannan ki ba su zaɓi: wanda yake son kuɗinsa ya turo lambar asusu, wanda ya yarda ya jira ya sani cewa ba ki da ranar da za ki yi masa alkawari tukuna. In kuɗin ba za su fita lokaci guda ba, ki riƙa biyan mutum uku ko huɗu duk wata, ki rubuta sunayen a littafi kina sokewa. Mutumin da ya ba da kuɗinsa don littafin da bai fito ba masoyinki ne, kuma shirun ya fi jinkirin yi masa ciwo. Ina kyautata zaton da yawansu barka za su fara yi miki kafin su yi zancen kuɗi. Wanda kuma ya yi fushi yana da gaskiyarsa, ki biya shi da wuri.

Sai maganar na ukun. Sake zana shafi 19 da hannunki ya riga ya zana aiki ne mai ɗaci, domin duk shafin da kika gama za ki riƙa gwada shi da wanda ya ɓata, shi kuwa wanda ya ɓata kullum ya fi kyau a cikin tunani. Kuma labarin kashi biyar, shafi 120 ke nan, an tsara shi ne don mace mai sa'a biyar a zaune ba mai kiranta. Wannan matar ba ita ce ke ba a bana. Ba a ɗinka wa jaririya rigar 'yar shekara goma, to haka aikin ma ki yanka shi daidai da lokacin da yake hannunki.

Ki yi sabon labari mai shafi 8 da yake da farko da ƙarshe. In kina so ki ɗauko ɗaya daga cikin mutanen babban labarin ki ba shi wani ƙaramin al'amari na yini guda, ta yadda masu jiranki za su gane shi su yi murna. Baƙi da fari, gida huɗu ko biyar a shafi, mutum biyu ko uku, wuri ɗaya ko biyu. Ban da kasuwa cike da jama'a, ban da dawakin sallah. In shafi yana cin sa'a uku zuwa huɗu, ke kuma kina samun rabin sa'a a yini, shafi ɗaya ne a mako, labarin kuma wata biyu. In haƙori ko zazzaɓi ya shigo, uku. Wannan lissafin ba ƙarami ba ne a wurin mai shayarwa.

Abin da na koya lokacin da nake zana hotunan littattafan firamare da goyo a bayana shi ne, rabin sa'ar nan ba ta isa a yi tunani a kuma yi zane. Tunanin a wani lokacin ake yinsa. Kina shayarwa, hannu ɗaya ya isa ki yi magana a waya ki naɗi abin da mutanen labarin za su ce. Kina jiran ruwa ya tafasa, ki zana shafin ƙanana-ƙanana a bayan kwali, da'ira a madadin kai, sanda a madadin jiki, don dai ki san wa yake ina. Idan barci ya ɗauke yarinyar kika zauna, kin riga kin san aikin da ke gabanki, ba ki ɓata minti goma kina kallon farar takarda ba. Ki kuma rarraba aikin iri-iri: mako guda fensir kawai, wani makon bin layi da tawada, wani makon rubutu. Bin layi shi ya fi jure katsewa, ko ta farka a tsakiya kin san inda kika tsaya. Kayan aikin su zauna a faranti ɗaya a saman durowa inda hannun yaro ba ya kai, domin nan da wata uku rarrafe za ta fara, kwalbar tawada kuwa ita za ta fara nufa.

Rashin kwamfuta kada ya tsayar da ke. Takarda da fensir da alƙalamin tawada sun isa, ki ɗauki hoton shafin da waya kusa da taga da hantsi. In kin fi son zanen waya, manhajojin zane na ibis Paint da MediBang suna aiki a kai kyauta, Krita kuma kyauta ce ranar da Allah ya hore wata kwamfutar. Amma daga yau duk shafin da kika gama, kafin ki kwanta ki tura shi imel ɗinki ko Google Drive, inda ake ba kowa gigabait 15 ba tare da biya ba. Ki kuma leƙa tsofaffin hirarrakinki na WhatsApp. Masu zane ba sa iya ɓoye shafin da ya yi musu kyau, da wuya a ce cikin 19 ɗin nan babu wanda kika taɓa tura wa ƙawa ko ƙanwa.

Wani abu da ya shafe mu masu rubutu da Hausa: maganarmu ta fi cin wuri a cikin da'irar magana, don haka ki fara rubuta maganar ki kewaye ta, sannan ki zana mutum a sauran filin. Yawancin salon haruffan da aka yi don labaran zane ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ki ga an buga ƙasa ta koma kasa. Ki gwada haruffan kafin ki yi nisa, ko ki rubuta da hannunki, wanda ni na fi so.

Yatsan nan kada ki raina shi. Ciwon gindin babban yatsa da wuyan hannu sananne ne a wurin masu goyo, jijiyoyin wurin ne suke kumbura saboda yawan ɗaga yaro ta hammata da yatsa a buɗe. Ki riƙa tallabo ta da tafin hannu ta ƙasa, ki naɗa wa fensirinki ƙyalle ya yi kauri don kada ki riƙa matse shi, in kuma ciwon bai lafa ba ki je asibiti a duba, domin da hannun nan za ki yi aiki shekaru masu yawa. Akwai kuma tambayar da nake so ki amsa wa kanki da gaskiya. Sanyin jikin a kan zane kawai yake, ko ya shafi abinci da barci da hira da ita kanta yarinyar? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana shiga matsalar damuwa bayan haihuwa. In abin ya game komai kuma ya wuce mako biyu, wannan ba kasala ba ce, ba kuma rashin godiya ba ne. Ki faɗa wa maigidanki, ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya ranar da kika kai rigakafi. Yana da magani.

Bugu kuwa, ki jinkirta shi. Farar takardar littafi daga waje ake shigo da mafi yawanta, domin masana'antun Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, farashin takarda da tawada ya bi ta. Lissafin da kika yi a kashi na ɗaya ba zai yi miki aiki yau ba. Ki duba yadda 'yan uwanki marubuta littattafan Hausa suka yi da kasuwar bugu ta ja baya: suka koma WhatsApp da Telegram da Wattpad, su saki shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ya biya a sa shi a rukuni. Shafi 8 ya dace da wannan hanyar. Za a yi ta tura shi ga waɗanda ba su biya ba, babu makawa, don haka ki sa sunanki na zane a ƙasan kowane shafi, duk inda ya je ya tafi da ke. Lambobin masu karatunki kuma ki riƙe su a hannunki. Da OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai a intanet, ta rufe a ƙarshen 2023, marubutan da ba su san masu sayen littattafansu ba su suka fi jin jiki.

Ranar da za ki buga, takardar A4 biyu gaba da baya in an ninke su suna ba da shafi 8, ta uku ta zama bango. Kwafi hamsin ya isa farawa. Abin da ya cinye fuskokin kashi na biyu, ina zaton inuwa ce mai launin toka, wadda ƙananan injuna ba sa iya fitarwa sai su mayar da ita baƙi. Ki yi inuwarki da siraran layuka. Ki ba da rabin kuɗi, ki karɓi kwafin gwaji guda ki duba shi shafi-shafi, sai kin yarda da shi a buga sauran. Kuma kada ki sake karɓar kuɗin kowa sai shafin ƙarshe ya bushe.

Na Legas da kike kallo, ki yi musu murna, amma ki san tsawon hanyar da suka bi. Taron Lagos Comic Con tun 2012 ake yinsa, kamfanin labaran zane na Comic Republic ya fara a 2013 yana sakin aikinsa kyauta a intanet. Marubucin labaran zane Roye Okupe, wanda ya gina ɗaya daga cikin jarumansa a kan tarihin Sarauniya Amina ta garinku, ya ajiye aikinsa a Amurka a 2015, sai a 2021 kamfanin buga littattafai na Dark Horse ya ɗauki littattafansa. Ya kuma tara kuɗin bugu ta Kickstarter, kafar tara tallafi a intanet wadda mazaunin Najeriya ba ya iya buɗe neman tallafi a cikinta. Yawancinsu da Turanci suke yi, ke kuwa da Hausa, inda masu karatu suke da yawa masu zana musu labari kaɗan ne. Wurin da ya fi kusa da ke Kaduna ne, inda aka fara bikin littattafai na KABAFEST a 2017, da bikin littattafan Hausa na HIBAF a 2021. Kwafi ashirin a jaka da goyo a baya, a yini guda za ki je ki dawo Zariya.

Game da Hajiya uwar mijinki, kada ki yi musu da ita. A idonta ba ta ga abin da zanen ya kawo ba sai asarar kuɗi da ɓacin ranki, kuma tsoronta kada jikarta ta rasa kulawa. Magana ba za ta sauya mata ra'ayi ba, ganin yarinya cikin ƙoshin lafiya da littafi a hannu ne zai iya. Wanda za ki zauna da shi maigidanki ne. "Ban hana ki ba" alheri ne, amma ba ya samar da lokaci. Ki roƙe shi abu takamaimai: ranar Asabar bayan la'asar ya ɗauki 'yarsa sa'a biyu, ke kuma ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa. In aikinsa bai bari ba, ku nemi ƙanwarki ko tasa ta riƙa zuwa a wannan lokacin, ku ba ta kuɗin mota.

Babban labarin yana nan, ba inda za shi. In kin gama ƙanana biyu ko uku, hannu ya dawo, yarinya ta kusa yaye, sai ki sake karanta na ɗaya da na biyu ki ga ko har yanzu kashi biyar yake buƙata, ko zai ƙare a na uku. In shafi takwas ɗin sun kammala, ki aiko wa mujallar nan da kwafi, ina son in karanta.