Wayar titaniyom ko ta alminiyom: wacce ta cancanci kuɗinka?

Tambaya: Zan canza waya, idona yana kan guda biyu. Ɗaya an ce jikinta titaniyom ne, ɗayar alminiyom, kuma ta titaniyom ɗin ta fi tsada nesa ba kusa ba. Mai sayarwa ya ce ta fi ƙwari, kuma ta fi rashin nauyi. Gaskiya ne ko daɗin baki?

Amsa: Malam, a batun ƙwari bai yi maka ƙarya ba, titaniyom ya fi alminiyom juriya wajen lanƙwasa da loɓawa. A batun nauyi kuwa ya juya maka zancen. In aka yanko gutsure mai santimita ɗaya tsawo da faɗi da kauri, na alminiyom zai yi giram 2.7, na titaniyom kusan 4.5, na baƙin ƙarfe marar tsatsa kuma kusan 8. Ka ga alminiyom ne ya fi su rashin nauyi duka.

Maganar ta samo asali ne daga Apple. Tun daga iPhone X a 2017, manyan wayoyin kamfanin da baƙin ƙarfe marar tsatsa ake zagaye gefensu. Da aka koma titaniyom a Satumbar 2023, iPhone 15 Pro ta zo da giram 187, alhali 14 Pro tana da 206. Ragin giram 19 kuwa hannu yana jin sa. To amma baƙin ƙarfe aka cire aka sa titaniyom. Samsung da ya bi sahu a Janairun 2024 da Galaxy S24 Ultra, daga alminiyom ya taso, shi ya sa bambancinta da S23 Ultra bai wuce giram ɗaya ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka titaniyom ya rage nauyi, ka tambaye shi gurbin wane ƙarfe ya maye.

Ga abin da talla ba ta cika tsayawa a kansa ba. Titaniyom ɗin ɗan siririn zobe ne da ya zagaye gefen wayar. A iPhone 15 Pro, ƙashin da ke ciki, wanda yake riƙe da batir da kyamara da sauran kayan aiki, alminiyom ne aka manne shi da zoben. Gaba gilashi, baya gilashi. Ranar da waya ta suɓuce ta faɗi a kan siminti, gefen zai iya fita da ɗan tabo kawai, fuskar kuma ta tsage tun daga kusurwa har tsakiya. Kuɗin gyaran da ke sa mutum zufa na gilashi ne, kuma titaniyom bai hana shi fashewa.

Tsadar ƙarfen kanta gaskiya ce. Ba wai ƙaranci yake yi a cikin ƙasa ba, tace shi ne aiki. Har yau da hanyar da William Kroll ya samar a wajen 1940 ake tace mafi yawansa, mai cin lokaci da wuta. Ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,668, alminiyom kuwa a 660 ya zama ruwa. Ga shi da cin bakin injin da ke sassaƙa shi. Sai dai abin da ke jikin waya ɗaya bai taka kara ya karya ba. Tazarar farashin da ka gani, galibinta ta kyamara ce da sikirin da ƙwaƙwalwar wayar, don kamfanoni a wayoyinsu mafi tsada suke sa shi. In waɗannan kake so, saya. In don sunan ƙarfen ne kawai, ni dai ba zan ƙara ko sisi ba, balle in kai mai sa wa waya riga ne, wanda daga ranar farko ba za ka sake taɓa gefen ba.

Tambaya: Aikina ɗaukar bidiyo ne da waya, wani lokaci na tsawon awa. An ce mini wayoyin titaniyom sun fi ɗaukar zafi. In guje su?

Amsa: 'Yar'uwa, tambayarki ce ta fi taɓa wurin da bambancin yake da gaske. Waya ba ta da fanka, ta jikinta take fitar da zafi. Alminiyom gwani ne a wannan aiki, dalilin da ya sa tukunyarsa ke ɗaukar zafi nan da nan ke nan, ta kuma huce da wuri. Titaniyom kuwa rowa yake yi da zafi, musamman samfurin da ake kira mai lamba 5, wanda aka gauraya da alminiyom kashi 6 da banadiyom kashi 4 cikin ɗari. In zafi ya taru a ciki, wayar da kanta take rage gudu, hasken sikirin ya dusashe, wani lokaci ta dakatar da ɗaukar bidiyon.

Lokacin da masu iPhone 15 Pro suka yi ta ƙorafin zafi a 2023, Apple ya ce matsalar manhaja ce, ba ta ƙarfen ba, ya kuma fitar da gyara a iOS 17.0.3. Sai ga shi a Satumbar 2025 ya mayar da iPhone 17 Pro jikin alminiyom, ya ƙara mata wani ɗan rufaffen faranti mai ɗigon ruwa a ciki da ke kwashe zafi daga ƙwaƙwalwar, yana kuma alfahari da cewa alminiyom ɗin ya ninka titaniyom sau 20 wajen watsa zafi. Kamfanin da shekara biyu baya ya sa sunan titaniyom a kan gaba a tallarsa ke nan. Mai talla, abin da ke kan farantinsa yake yabo.

Duk da haka kada ki yanke hukunci da gefen waya kaɗai. Ki duba ko tana da irin wancan farantin sanyaya, don Samsung yana sa shi a cikin wayoyinsa na titaniyom ma. In da hali, ki kunna kyamarar a mafi girman inganci na minti goma kafin ki biya, ki ji bayanta da tafin hannunki. Kuma ki cire mata riga lokacin dogon aiki.

Tambaya: To ashe titaniyom ba shi da wani amfani a waya ke nan?

Amsa: Yana da shi, a waya mai sirantaka sosai. A 2014 an sha ganin iPhone 6 Plus ta alminiyom ta lanƙwashe a aljihun wando, har sai da aka canza zuwa samfurin alminiyom mai lamba 7000 a 6s. Yanzu da ake yin waya mai kaurin milimita 5.6 kamar iPhone Air, ko 5.8 kamar Galaxy S25 Edge, babu wurin da za a kauraro gefe, sai a nemi ƙarfen da siririnsa ma zai riƙe. Dukansu biyu titaniyom aka sa musu.

Kada dai ka ɗauka ba ya karcewa. Launin da ke kansa shafi ne a sama, in yashi ko siminti ya goge shi, asalin farin ƙarfen zai leƙo, kuma ya fi fitowa fili a baƙar waya ko shuɗiya. In za ka riƙe ta ba riga, ɗauki mai launin ƙarfen na asali. Duhun da kake gani kusa da maɓallan gefe kuwa maiƙon hannu ne, ƙyalle mai laushi da ɗan danshi yana goge shi.