Amsa ga 'yar uwar da aka ce ta cire haƙorin hankali

Wayyo 'yar uwa, ina karanta tambayarki na ji kamar ni na rubuta ta. Kin ce haƙoranki na gaba na ƙasa sun fara hawa kan juna, an ce miki haƙorin hankali, wato turmin ƙarshe na can cikin baki, shi ke turo su, shin ki je a cire? Don Allah dakata tukuna.

Ni haka aka yi min a wani asibitin kuɗi. Mutumin nan ko hoto bai ɗauka ba, leƙa bakina kawai ya yi ya ce na ƙasan nan biyu su ne matsalar. Lafiyarsu ƙalau fa, ba su taɓa min ciwo ba. Ya cire, ya karɓi kuɗinsa, ya juya yana amsa waya. Bai ce kada in kuskure baki a ranar farko ba, bai ce komai ba. Jinin da ya kamata ya daskare ya toshe ramin ya wanke, ƙashi ya zauna a fili. Ciwon har cikin kunne, cikin dare ina zaune riƙe da muƙamuƙi ina hawaye, koko ma da ƙyar yake wucewa, ga warin baki. Wallahi naƙuda ta fi min sauƙi. Na koma masa, wai "haƙuri za ki yi Hajiya." Haƙuri! Har yau in na bi ta layin nan sai raina ya ɓaci.

Kuma haƙoran gaban ba su fasa cunkushewa ba.

Sai daga baya wata likitar haƙori ta fahimtar da ni cewa na gaban ƙasa suna matsewa ne da kansu yayin da shekaru ke tafiya, har ga waɗanda haƙorin hankali bai taɓa fito musu ba. Lokaci ne kawai ya zo ɗaya, tunda shi ma tsakanin shekara 17 zuwa 25 yake fitowa, sai a ɗora masa laifi. A Ingila tun 2000 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya ta ba da shawarar a bar wanda ba ya damun mutum. Maganin cunkoso waya ce ake sa wa haƙora.

Amma in dasashin da ke kansa yana yawan kumbura, ko yana ruwa, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko ya kwanta yana ruɓar da na kusa da shi, wannan kam a cire. Sai dai ki nace a ɗauki hoto, akwai jijiya a ƙarƙashinsa da in aka taɓa ta leɓe na iya mutuwa, wato ya daina ji. Ruwan ɗumi da gishiri da kanumfari suna rage zafi kafin ki ga likita. Kada ki bari kowa ya sa ki danna asfirin a kan dasashi, ƙonawa yake yi, ƙanwata ta sha wannan.

Naki yana miki ciwo ne, ko dai hawan na gaban ne kawai ya dame ki?