Zama da Turawan Ingila a Sifaniya: amsa ga ƙanenmu mai shirin fara aiki

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya da dare na ga tambayarka, na bari sai na taso daga aiki in amsa maka a tsanake. Ka ce ka samu aikin wanke tafkin ninƙaya da gyaran lambu a wajen Torrevieja, an gaya maka yawancin masu gidajen tsofaffin Turawan Ingila ne, kuma gabanka na faɗuwa saboda ka ji an ce ƙin baƙi ne ya sa suka fice daga Tarayyar Turai. Kana son sanin ra'ayinsu kan siyasa da tarbiyya, da yadda ake zama da su.

Wannan aikin da za ka fara, shi nake yi tun 2013, tsakanin Rojales da San Fulgencio da Orihuela Costa. Yanzu haka makullan gidaje goma sha huɗu ne a jakata, goma sha ɗaya na 'yan Birtaniya ne. Abin da zan faɗa maka, a tsakar gidajensu na gan shi.

Da farko ka cire wa ranka cewa bakinsu ɗaya. 'Yan Birtaniya masu rajista a Sifaniya sun kai wajen 300,000, kuma lardin Alikante, inda Torrevieja take, shi ne ya fi kowane tara su. Cikinsu akwai tsohon direban bas, akwai malamar makaranta, akwai wanda ya sayar da ɗan gidansa a Manchester ya sayi mai ɗaki biyu a nan domin ciwon gwiwa ba ya son sanyi. Ba attajirai ba ne kamar yadda ake zato a gida. Da yawa fansho kawai suke jira, kamar tsofaffinmu.

Ba na manta safiyar 24 ga Yuni, 2016, washegarin ƙuri'ar raba-gardama kan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. Na shiga wani gida a Ciudad Quesada da misalin ƙarfe takwas, na tarar da matar gidan zaune gaban talabijin da kayan barci, shayinta ya huce, tana share hawaye. A ƙetaren katanga kuwa maƙwabcinta ya rataya tutar ƙasarsu a baranda yana murna. Mutanen da suke cin abincin Lahadi tare shekara da shekaru, sun fi shekara guda ba sa ga-maciji. Abin da ya fi ƙona mata rai, ba ta ma samu jefa ƙuri'a ba. A lokacin dokarsu ta ce duk wanda ya wuce shekara 15 a waje ya rasa 'yancin zaɓe. An yanke hukunci kan rayuwarta da kashi 52 a kan 48, ita kuwa ba a tambaye ta ba. Wani tsohon soja na yaƙin duniya na biyu mazaunin Italiya, Harry Shindler, ya kwashe shekaru yana yaƙar wannan doka. Ya rasu a 2023 yana da shekara 101, sai a Janairun 2024 sabuwar dokar da ta soke wannan sharaɗi ta fara aiki. Matar nan ta yi zaɓen Yulin 2024, har ta kira ni ta nuna mini takardar rajistarta.

A cikin waɗanda nake wa aiki, masu zama dindindin sun fi karkata ga a zauna a Tarayyar, kuma dalilinsu na aljihu ne da na asibiti. Da fam ake biyansu, da yuro suke cefane. Kafin ƙuri'ar fam ɗaya ta kai kusan yuro 1.30, zuwa Oktoba ta sauko kusa da 1.10. Duk wanda ya ga yadda naira ta yi a hannun mai ɗa yana karatu a waje, ya san wannan zafin. A watannin nan gidaje uku suka ce in riƙa zuwa sau ɗaya a mako maimakon sau biyu.

Sai maganar baƙi, wadda ita ce ta fi damunka. Ba zan ɓoye maka ba, za ka ji maganganu. Akwai wani dattijo da nake gyara wa injin tace ruwa, yana tsaye a kaina da jarida, yana faɗan yadda masu tsallaka teku a ƙananan jiragen ruwa suka cika Ingila, ba sa koyon harshe, suna cunkoso a asibiti. Shekararsa ashirin a Sifaniya, bai wuce gaisuwa da neman giya a harshen ƙasar ba. Ni nake raka shi asibitin unguwa in yi masa tafinta. Wanzami ba ya son jarfa. Su suna kiran kansu "expat", wato mazauna ƙasar waje, mu kuma sunanmu baƙin haure, ko da takardunmu sun fi nasu cika. Ranar na ajiye sifana na ce masa, cikin ladabi, ni ma ta hanyar wahala na zo, kuma ni da shi duka baƙi ne a ƙasar mutane. Ya yi shiru, ya ce ai ba da ni yake ba. Wannan amsar za ka ji ta sau da yawa. Ba ta gamsar da ni, har yau tana min ciwo. Amma shi dai wannan dattijon, da aka kwantar da matata a asibiti, shi ya kai yarana makaranta kwana tara a motarsa, bai karɓi ko kuɗin mai ba. Duka biyun halinsa ne, kuma ban ga amfanin in ɓoye ɗaya don in fito da ɗaya ba.

Abin da ya sauya da yawansu shi ne takarda. Tun da wa'adin riƙon ƙwarya na bayan ficewar ƙasarsu daga Tarayyar ya ƙare a 31 ga Disamba, 2020, sun zama 'yan waje kamar ni da kai. Layin nan na ofishin baƙi da na sha tsayawa tun asuba, sai ga su a ciki, da fayil a hammata, suna neman katin TIE, wato katin shaidar zaman baƙi. Wasu sun yi shekaru a nan ba su taɓa rajistar zama a ƙaramar hukuma ba, wadda ake kira padrón, domin fasfonsu ya ishe su. Ranar da aka ce su kawo shaidar zama, ido ya raina fata. Na raka mutum biyar, ni ne mai nuna musu inda ake biyan kuɗin fom a banki da inda ake ɗaukar hoton yatsa. Daga 1 ga Mayu, 2022 kuma aka daina amincewa da lasin tuƙin Birtaniya ga mazauna da ba su musanya nasu ba, har zuwa Maris 2023 da aka daidaita. Wata goma, tsoho mai shekara saba'in da biyar a unguwar da ba bas, motarsa na ajiye yana kallo. A lokacin na zama direban cefane da na ɗaukar magani. Wata daga cikinsu ta ce mini sai yanzu ta gane abin da mai share mata gida 'yar Maroko take nufi idan ta ce takarda na hana ta barci.

Akwai kuma 'yan ci-raninsu, masu gida a nan da gida a can, da suke gudo wa hunturun Ingila. Yanzu kwana 90 cikin kowane 180 kawai aka yarje musu. Wanda ke son ya zauna ba tare da aiki ba, sai ya nuna kuɗin shiga na wajen yuro 2,400 a wata, abin da fanshon gwamnati kaɗai ba ya kaiwa. Su ne za su ba ka makulli su tafi, kuma a wurinsu abincinka yake.

Kan tarbiyya, abin da suka ɗauka da girma shi ne alkawari da lokaci. Idan ka ce ƙarfe tara, to tara. Idan ba za ka zo ba, aika saƙo tun kafin lokacin. Ka fasa tukunyar fure, faɗa da bakinka kafin a gani, za a ce ba komai. Ka ɓoye a gano, makullin ya bar hannunka ke nan, kuma labari zai zaga unguwa kafin la'asar, domin duk suna cikin zaure ɗaya a Facebook. Dabba kuma tana da daraja a wurinsu fiye da yadda ka saba. Kada ka kori karen gida da ƙafa ko ka ɗaga masa tsintsiya. Ka gaya musu kai Musulmi ne, ba ka son ya lashe ka, za su shigar da shi ɗaki. Haka giya: za a miƙo maka mai sanyi da rana tsaka, da kyakkyawar niyya. Bayani sau ɗaya ya isa. Da azumi wasu har sauya mini lokaci suke yi in zo da sassafe. Addini ba sa son a tayar musu da zancensa, amma suna da shagunan kayan gwanjo na sadaka a ko'ina, don masu ciwon daji da tsofaffi da karnukan titi. Lokacin ambaliyar Satumban 2019, da kogin Segura ya ɓalle ya shanye Orihuela da ƙauyukan kewaye, na ga tsofaffin nan da takalman roba suna kwashe laka a gidajen mutanen da ba su sani ba.

Inda na fi tausaya musu, kuma inda ra'ayinmu ya fi nisa, shi ne tsufa. Suna zuwa su biyu, da lafiyarsu, suna shekara sittin da 'yan kai. Shekara goma sha biyar sai ɗaya ya rasu. Wanda ya rage, 'ya'ya suna Leeds ko Glasgow, sai waya ranar Lahadi. Akwai wadda nake zuwa wa ranar Talata, wankin tafkin minti arba'in ne, amma ba na fita ƙasa da awa ɗaya da rabi. Tana dafa shayi ta jera biskit a faranti tun kafin in iso. Na gane wani makon ni kaɗai ne mutumin da ya taka ƙofarta. Na taɓa tambayarta me ya hana ta koma wurin 'yarta. Ta ce ba ta son ta zame wa kowa nauyi. A wurinmu uwa ba ta zama nauyi, kuma na gaya mata haka. A wurinta kuwa wannan shi ne mutuncinta, shi ne ƙaunar da take nuna wa 'yar. Daga nan ne ma za ka fahimci dalilin da ya sa da yawansu ke goyon bayan dokar da Sifaniya ta kafa a 2021, wadda ta ba likita damar taimaka wa mai ciwon ajali ya ƙare rayuwarsa, kuma suka bi muhawarar majalisarsu ta Nuwamban 2024 kan irin wannan ƙuduri kamar wasan ƙwallo. Ni ban yarda da shi ba, rai na Allah ne, kuma idan aka tambaye ni haka nake faɗa. Amma wanda ya ga tsohuwa ita kaɗai a gida mai sanyin tayil a watan Janairu, tana lissafin kuɗin wuta domin tun 2015 aka yanke wa mazauna Sifaniya tallafin ɗumama ɗaki da gwamnatinsu ke bayarwa, ya san daga tsoro maganar take fitowa. Jana'iza ma tana girgiza su. A nan cikin kwana ɗaya ko biyu an gama, kusan irin namu, su kuwa sun saba a jira makonni. Sau biyu ina tsayawa a jana'izar da 'ya'yan mamacin ba su samu jirgi a kan lokaci ba.

Bari in ɗan ratse saboda 'yan'uwanmu da ke aiki a Birtaniya suna shirin komawa gida bayan ritaya, domin a bakin tsofaffin nan na koyi wannan. Fanshon gwamnatin Birtaniya ana ƙara shi duk shekara ga wanda ke zaune a Tarayyar Turai ko Amurka. Wanda ya koma Kanada ko Ostireliya ko Najeriya kuwa, a kan adadin da ya tafi da shi zai tsaya. Akwai wata tsohuwar sojar yaƙin duniya, Anne Puckridge, da ta koma Kanada a 2001, nata ya tsaya a fam 72.50 a mako, alhali cikakken sabon fansho ya wuce fam 230 a 2025. Asibitin gwamnati na kyauta ma da zama a ƙasar yake tafiya, fasfo kaɗai ba ya ba ka shi. A yi wannan lissafin kafin a haɗa kaya.

Kai kuma, kafin ka taɓa ko guga, ka tabbata an ba ka kwantiragi a rubuce, an sa ka a rajistar inshorar ma'aikata. Wasu masu gida za su ce su biya ka a hannu don ya fi sauƙi. Kada ka yarda, domin ranar sabunta takardar zama wannan rajistar za a duba. Ka sayi ƙaramin littafi, kowane gida da shafinsa: ranar da ka zo, awon ruwa, maganin da ka zuba. Kada ka rubuta adireshi a jikin makulli, lamba kawai. Kuma idan mai gida ya tafi, ka riƙa tura masa hoton tafkin bayan kowane wanki, ko bai nema ba.

Ka sanar da ni ranar da za ka iso. In Juma'a ce, akwai babbar kasuwa a Torrevieja, sai in ɗauke ka a tashar mota mu saya maka takalmin aiki da hular rana, daga nan mu wuce masallaci.