Filin Tambaya da Amsa: Ƙaƙa zan gwada yara da takarda, ajina ya fi mutum 80?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare nan cikin garin Sakkwato, ina koyar da soshiyal aji biyu, wani lokaci kuma in riƙa kimiyya in malaminta bai zo ba. Ɗiyan nan sun iya hadda kamar mi, ka ce su kawo ma'anar al'ada su zubo maka ita har da waƙafi yadda na rubuta a allo, amma da ka juya tambayar kaɗan shikenan sai kallon silin. Wajen wani bita da anka yi muna an ce mu riƙa ba su takarda su karanta sannan mu yi tambaya a kanta, to ni dai ban gane ƙaƙa za a yi wanga aiki ba, yara sun fi 80, ba injin fotokofi, rabinsu Turancin ma da ƙyar. Don Allah a ba ni shawara.
Wata malama daga Arkilla.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah shi saka da alheri, shi ƙara haƙuri da aikin alli.

Abin da anka gaya muku wajen bitan nan gaskiya ne, kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda yat taɓa zama zaure gaban malami ya san in ka yi magana sai an ce maka kawo nassi, a wane littafi kag gani. To shi ke nan aikin. A ba yaro wasiƙa ko taswira ko teburin lissafi ko hoto, a yi mishi tambayar da ba shi iya amsawa sai ya duba abin, kuma shi nuna layin da yas samo amsar. Amurkawa sun sa shi cikin jarrabawar tarihi ta manyan 'yan sakandare tun 1973, yanzu takardu bakwai suke ba yaro da awa ɗaya. Ke kam Malama kada ki fara da bakwai, biyu sun ishe ki, kowace layi biyat ko shida, ki rubuta su a allo yara su kwafa, ko a bayan tsohuwar kalanda ki liƙa a bango. Maganar fotokofi ta mutu ke nan.

Kuma wallahi mu a Sakkwato ba mu da uzurin rashin takardu. Ga Infaƙul Maisuri da Muhammadu Bello yar rubuta a 1812, tun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na raye, a ciki akwai wasiƙun da sunka yi musaya da Shehu Al-Kanemi na Borno, Allah shi jiƙansu baki ɗaya. Shi Al-Kanemi shina cewa mutanen Borno musulmi ne, suna salla suna azumi, kuma saɓo ba shi fitar da mutum daga addini, to don mi za a yaƙe su. Shi kuma Bello cikin hujjojinsa har da cewa Borno ta taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu Usmanu. Ki taƙaita kowace da kalmomi masu sauƙi ki jera su. Amma a nan a yi hattara, kada ki tambayi ɗan shekara sha uku wa ke da gaskiya tsakanin manyan malamai biyu, ba hurumin shi ba ne, kuma gobe za ki ga uba bakin ofishin firinsifal. Ki tambaye shi mi kowane ya kafa hujja da shi, a ina sunka saɓa, sannan wadda na fi so: tunda a littafin Bello munka sami wasiƙar Al-Kanemi, mi wannan ke nuna muna game da Bello? Yaron da yag gane cewa mutum ya adana maganar wanda ke jayayya da shi bai ɓoye ba, wannan yaron ya karanta soshiyal fiye da wanda ya haddace 1804, shekarar da anka fara jihadi.

In wannan ya yi nauyi ga aji biyu, akwai masu sauƙi. Clapperton, Baturen Birtaniya da yaz zo Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Bello, ya dawo ya mutu nan a 1827, ya bar bayanin garin a rubuce, sai a tambayi yara mi baƙo ke iya gani da ɗan gari ba shi lura da shi, mi kuma ba shi iya ganewa. Ko ƙidayar 2006 da ta ba jihar Sakkwato mutum kimanin miliyan 3.7 a ƙananan hukumomi 23, ki ɗauko guda biyat ki jera a tebur. Ki leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, tana nan cikin gari, malamai da yawa na wucewa ta gabanta a adaidaita ba su taɓa shiga ba, abin na ba ni haushi.

A kimiyya ma ya fi daɗi. Ruwanmu a nan yawanci daga Yuni zuwa Satumba ne, ya fi ƙarfi a Agusta. Ki sa teburin ruwan sama na wata-wata a gefe ɗaya, a ɗaya gefen yawan masu zazzaɓin cizon sauro, in kin samu na gaske daga asibitin unguwa to madalla, in ke kinka tsara su don darasi ki gaya wa yara haka ƙarara. Takarda ta uku layi biyu ce kawai: sauro na ɗaukar sati ɗaya zuwa biyu daga ƙwai zuwa babba, kuma zazzaɓi kan fito kwana 10 zuwa 15 bayan cizo. Tambaya, don mi zazzaɓi ba shi tashi ranar da ruwa yaf fara sai daga baya? Dole ya haɗa ukun kafin ya amsa. Wani zai ce miki ai sabuwar masara ke kawo shi tunda lokacinsu ɗaya, kada ki yi mishi tsawa, ki ce ya nuna miki masarar cikin takardun.

Inda malamai ke ɓata abin shi ne wajen maki. A sha wahala a kawo takarda sannan a yi tambayar da littafin rubutu ke amsawa, ko a zauna ana jan biro ja ƙarƙashin kuskuren Turanci har a manta mi ake gwadawa. Ki gwada tambayarki haka: rufe takardar, in har ana iya amsawa to ki sake ta. A maki goma ni dai ina ba 2 ga amsa fayyatacciya, 4 ga hujjar da ya ciro daga takardun, 2 in ya lura da wanda yar rubuta da dalilinsa, sauran 2 ga abin da ya ƙaro daga darasi. Turanci ba shi da ko ɗaya muddin ana gane nufinsa. Kalmomi masu wuya ki fassara musu da Hausa tun kafin a fara. Batun yawa kuma, ki fara da rukuni na mutum biyat-biyat su ba da amsa ɗaya, takarda 16 ke nan za ki duba maimakon 80, sai ƙarshen zango kowa ya yi nasa.

TAMBAYA: Malam ɗana ya zo gida da kuka, wai malamin kimiyya ya kawo tebur a tes ya yi tambayar da babu ita cikin abin da ya rubuta musu. Wannan ba zalunci ba ne?
Wani uba daga Mabera.

AMSA: Alhaji a yi haƙuri, sai an ji ta bakin malamin. In ya taɓa yi da su irin wannan a aji sau biyu ko uku kafin tes, ba zalunci a ciki, gata ya yi mishi, don WAEC da NECO na kawo tebur da zane a ce yaro ya yi bayani. In kuwa ranar tes ce yaron ya fara ganin irinta, malamin ya yi gaggawa. Ku je makarantar cikin lalama ku roƙi ya ba ku tsofaffin tambayoyin, yaron ya riƙa gwadawa a gida, kuna tambayarsa a wane layi ya ga amsar.