Hukuncin Tuna Aikin Sojan Mahaifi a Taron Iyali na Sallah

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, mahaifinmu tsohon soja ne. Ya je yaƙi tun kafin a haifi yawancinmu, ya yi ritaya, daga baya ya rasu a gida bayan jinya. Tun yana raye mu 'ya'yansa muke taruwa washegarin Sallah da iyalanmu, shi kuma ya zauna yana ba jikoki labarin soja, sai dai akwai wani zango na yaƙin da ko an tambaye shi ba ya cewa uffan. Bayan rasuwarsa ba mu daina taruwa ba. Babban yayanmu kan fito da kakinsa da lambobin yabonsa da hotonsa a nuna wa yara, a yi hira, a yi masa addu'a. Daga baya sai ya ƙaro wani abu: yana jera yara su ƙame a gaban hoton su sara masa, a yi shiru na minti ɗaya, yana cewa ai Baba shahidi ne. Mahaifiyarmu kan tashi ta shige ɗaki da zarar an fara. Ƙaninmu da ya yi karatun addini ya ce taron duka bidi'a ne, zaman makoki ne, mun ƙirƙiro wani idi, kuma bana ba zai zo ba. Ni dai ina ganin ya cika tsanani. Malam, a ba ni hujjar da zan nuna masa.

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa wahalar da ya sha ta zame masa kaffara.

'Yar uwa, hukuncin nan gaba ɗayansa yana rataye ne da magana guda a cikin wasiƙarki, inda kika ce tun yana raye kuke taruwa. Ke nan ba mutuwarsa ce ta haifar da taron ba. Sallah ce ta tara ku, da zumunci, kuma da manomi ne shi ko ɗan kasuwa, da ranar dai za ku haɗu ku yi hirarsa. Don haka taron halal ne, hirar aikinsa halal ce, addu'a kuwa ita ce haƙƙinsa da ya rage a wuyanku. Da a ce kun ware ranar da ya rasu kuna komawa kanta duk shekara da yanka da karatu na musamman, da amsata ta sha bamban da wannan.

Maganar ƙaninki ba shi kaɗai ke yin ta ba, shi ya sa zan tsaya a kanta. Madogararsu ta farko ita ce abin da Imam Ahmad da Ibn Majah suka ruwaito daga Jarir ɗan Abdullahi, cewa sahabbai suna ƙirga taruwa a gidan mamaci da yin abinci bayan an binne shi a cikin kukan mutuwa da aka hana. To amma wane taro ake nufi? Taron da mutuwa ta kira, jama'a su sauka wa mutanen da ke cikin jimami, su ɗora musu ɗawainiya, a yi ta sabunta baƙin ciki. Wanda ya ɗauko wannan ya ɗora a kan 'ya'ya da suka zo gaida mahaifiyarsu da Sallah, sai ya gaya mana daga wace shekara ce za a daina kiran gidanku gidan mamaci. In an bi fahimtarsa, duk gidan da aka taɓa yin rashi babu damar a taru a ambaci wanda ya tafi, alhali Manzon Allah (SAW) ya yi ta ambaton Nana Khadija shekaru bayan rasuwarta, har yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta. Bukhari ya ruwaito daga Uƙuba ɗan Amir cewa Manzon Allah (SAW) ya fita ya yi wa shahidan Uhudu salla bayan shekara 8, kamar mai ban kwana da rayayyu da matattu. Kwana uku da aka iyakance na zaman takaba ne ga wanda ba matar mamaci ba. Ba a iyakance tuna mamaci da alheri ba.

Sai batun ƙirƙiro idi. Wace rana kuka ƙirƙiro? Ranar da kuke haɗuwa tana cikin kwanakin da musulmi suka saba ziyartar juna a cikinsu, ba ku ƙara ko yini guda a kan abin da kuka tarar ba. Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Garnaɗa da ya rasu a shekara ta 790 bayan hijira, yana cikin masu tsananin yaƙi da bidi'a, amma da ya zo fayyace ta sai ya ɗaure ta da sharaɗi: hanya ce da aka ƙago a cikin addini, mai kwaikwayon ta shari'a, da nufin ƙara bauta. Ba wanda a cikinku yake ganin buɗe akwatin kaki ibada ce mai lada na musamman a wannan rana. Maimaita al'ada duk shekara ba ya mayar da ita ibada, sai in an fara ɗaukar wanda ya bar ta a matsayin mai zunubi.

Akwai kuma hadisin da ya fi kusa da halinku fiye da duk waɗannan. Ranar idi Abubakar ya shiga ɗakin Nana A'isha ya tarar da wasu 'yan mata biyu na Ansar suna rera baitukan da aka yi a kan yaƙin Bu'as. Ya tsawata musu, sai Manzon Allah (SAW) ya ce ya ƙyale su, kowace al'umma tana da idinta, wannan kuma shi ne idinmu. Ki lura, Bu'as ba jihadi ba ne. Yaƙi ne na jahiliyya tsakanin Ausu da Khazraju, ƙabilu biyu na Madina, kimanin shekara 5 kafin hijira. Duk da haka an bar 'ya'ya suna tuna jaruntakar iyayensu, a ranar idi, a ɗakin Annabi. Wannan ya isa amsa ga mai cewa aikin sojan gwamnati bai cancanci a ambace shi ba tun da ba yaƙin sahabbai ba ne. Bukhari ma ya ƙulla babi guda a kan mutum ya ba da labarin yaƙoƙin da ya halarta, ya kawo cewa Ɗalha yana ba da labarin ranar Uhudu. Urwa ɗan Zubairu ya ce yana yaro yakan sa yatsunsa a cikin tabon saran da mahaifinsa ya samo a Badar da Yarmuk yana wasa. Jikokin da ke shafa lambar yabon kakansu ba su yi abin da ya wuce wannan ba.

Wasu sukan jawo ayar Baƙara ta 200, inda aka ce ku ambaci Allah kamar yadda kuke ambaton iyayenku ko fiye. Ayar ta sauka ne a kan Larabawan da suke gama aikin Hajji su tsaya suna gasar kirarin kakanni, kuma abin da ta nema shi ne ambaton Allah ya rinjaya. Inda ƙaninki zai yi gaskiya shi ne idan hirar ta koma alfahari da asali, a riƙa nuna wa surukai da yara cewa mu jinin soja ne, ba sa'anninku ba. Wannan kam yana cikin ɗabi'un jahiliyya huɗu da hadisin Muslim ya lissafa, kuma ku kuka san ko yana faruwa.

To amma kin nemi hujjar da za ki nuna masa, ni kuwa ba zan ba ki sanda ki doki ƙaninki ba, domin ya hango abin da ke ba ki tsaya a kai ba. Jera yara su ƙame a gaban hoto su sara, a yi shiru na minti ɗaya, wannan a daina. Gaisuwar soja tsakanin rayayyun sojoji a bakin aiki magana ce dabam da malamai suka tattauna. Nan babu aiki, babu kwamanda, sai hoton mamaci da yara suna tsaye masa cikin ƙanƙan da kai a lokaci ayyananne, kuma daga nan ne al'ada take fara ɗaukar kamannin ibada. Shirun ma ba ya kai masa komai. Abin da Manzon Allah (SAW) ya umarta a bakin kabari shi ne a nema wa ɗan uwa gafara, a roƙa masa tabbata. Minti ɗayan nan a koya wa yaran su ce Allah ka gafarta wa kakanmu. Hoton kuwa, saɓanin malamai a kan hoton kyamara sananne ne, a duba a mayar da shi ma'ajiyarsa, kada a kafa shi ana fuskantarsa.

Kalmar shahidi ma yayanki ya bar ta. Mahaifinku a gida ya rasu, kuma ko da a fagen daga ya faɗi, Bukhari yana da babi a kan kada a yanke cewa wane shahidi ne, saboda niyya Allah kaɗai ya san ta. Muna yi masa fatan ladan idon da ya kwana yana gadi saboda Allah. Wannan ba rage masa daraja ba ne, Khalid ɗan Walid ma a kan shimfiɗarsa ya cika. Haɗarin kalmar shi ne 'ya'ya su saki jiki su ɗauka ya riga ya tsira, su yi sakaci da nema masa gafara da binciken bashinsa, alhali shahidi na haƙiƙa ma an ce ana yafe masa komai ban da bashi.

Kin ambaci zangon da ba ya magana a kai. Ku bar shi a rufe kamar yadda ya bar shi. Abu Musa al-Ash'ari ya taɓa ba da labarin yaƙin Zatur Riƙa'i, yadda ƙafafunsu suka tsattsage, farcensa suka zube, suka riƙa naɗa tsummoki, sannan ya yi nadamar faɗa, don bai so ya tona wani abu na aikinsa ba. Wani yakan yi shiru saboda ikhlasi, wani saboda abin da idonsa ya gani, wani saboda abin da hannunsa ya yi yake kuka a kai tsakaninsa da Ubangijinsa. Ko wanne ne, ba ku da ikon cike gurbin da ƙirƙira. Na san yadda labarin gida yake, bana a ce ya ceci mutum biyu, baɗi sun zama goma. Ƙarya ƙarya ce ko da don girmama uba aka yi ta. Ku faɗi abin da kuka ji daga bakinsa, ku tsaya nan. Kuma ku kiyayi shuka wa yara ƙiyayyar mutanen da aka yi yaƙin da su. Malaman sira sun kawo cewa baitukan Bu'as ɗin nan da aka bari a ranar idi, su ne Shasu ɗan Ƙaisu ya sa wani saurayi ya karanta a majalisar Ausu da Khazraju, har suka kusa zare makamai, sai da Manzon Allah (SAW) ya fito da kansa ya raba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kika faɗa a layi ɗaya kika wuce. Mahaifiyarku tana tashi ta shige ɗaki. Ku duka kuna jayayya a kan haƙƙin wanda ya rasu, ga mai rai a gabanku ba wanda ya tambaye ta. Ku kuna ganin kaki da lambobi, ita tana ganin watannin da ta yi ba labari, da dararen da ta kwana da yara ita kaɗai, wataƙila da mijin da ya dawo ba kamar yadda ya tafi ba. Ke mace ce, ke ya kamata ki zauna da ita ku biyu, ba ranar taro ba, ki tambaye ta a hankali. In kukan ƙauna ne da take son yi a keɓe, babu laifi, hawaye ba haramun ba ne. In kuwa abin yana fama mata ciwo ne, to fito da kayan a gabanta ya zama cutarwa, kuma halal ɗin da na faɗa a farko ba ya halatta muku ɓata wa uwa ranar Sallarta. Sai a kai yara wani wuri a nuna musu, ko a ɗaga zuwa wata rana. In ta yarda, a bar ta ita ma ta ba jikoki nata labarin, domin rabin wannan aikin sojan ita ta yi shi.

Ba ki tambaya ba, amma kayan nan a hannun wa suke, kuma da yardar wa? Abin da ya kasance mallakarsa gado ne, girman yaya ba ya mayar da shi nasa. Bayan kashe Abdullahi ɗan Zubairu a shekara ta 73, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya tambayi Urwa, ƙanin Abdullahin, ko zai gane takobin mahaifinsa. Ya ce akwai giɓi a kaifinsa tun ranar Badar, sai ya mayar masa. Hisham ɗan Urwa ya ce sun yi masa kuɗi a tsakaninsu 3,000, ɗayansu ya ɗauka. Sun adana kayan yaƙin kakansu, kuma sun bi ta hanyar haƙƙi. Ku ma magada su yarda a bar kayan amana a hannun mutum ɗaya, ko a yi musu kima. Abin da kuwa doka ta ce a mayar wa rundunar soja, a mayar.

Sannan ku nemi abokan aikinsa da suka rage. Ibn Umar ya taɓa ba wani baƙauye jakinsa da rawaninsa don kawai mahaifin mutumin aminin Umar ne. Cikin 'yan mazan jiya akwai marasa lafiya, akwai matan da aka bari da marayu. Ziyara ɗaya da ɗan abin hannu da sunan mahaifinku sadaka ce da malamai suka haɗu a kan tana isa gare shi.

Ƙaninki kuwa, kada ki tura masa wannan amsa a gaban sauran 'yan uwa kamar mai cin nasara. Ki kira shi ki ce ya yi gaskiya a kan tsayuwa da sarawa da kalmar shahidi, za a daina, sannan ki roƙe shi ya zo ya zama shi ne mai koya wa yara addu'ar. In yayanku ya ƙi bari, ƙanin ya zo ya gaida mahaifiyarsa, ya zauna da 'yan uwansa, ya tashi in an zo wajen, amma ƙauracewa taron gaba ɗaya ba ni ganin yana da uzuri a kai.

Allah ne mafi sani.