Gorar roba da ruwan sha: amsoshin Likita

Wata ɗaliba daga Samaru: Likita, gorar robar da nake zuwa aji da ita ta fara sa ruwa wani irin ɗanɗano, in na buɗe murfin har da ɗan wari. Kullum ina ɗauraye ta. Akwai illa?

Ƙanwata, ɗauraya daban, wanki daban. Duk lokacin da kika kafa baki a gorar, miyau da ƙwayoyin cutar baki suna komawa ciki. In ta kwana a rufe da ragowar ruwa, sai su hayayyafa su yi yauƙi a jikin robar. Zura yatsa ki shafa cikin wuyanta, sannan ki ɓamɓaro zoben robar da ke cikin murfin ki duba ƙarƙashinsa. Sau da yawa za ki tarar da baƙi-baƙi mai santsi, kuma daga nan warin yake fitowa. Ki wanke ta kullum da sabulu da ruwan ɗumi da burushi mai dogon hannu, ki kife ta a buɗe har ta bushe. In warin ya ƙi tafiya, ki jiƙa ta da ruwan khal ko na lemun tsami ta kwana. In cikinta ya karce ko ya dusashe, ki haƙura da ita, domin datti na maƙalewa a karcen inda burushi ba ya kaiwa.

Wani mai tuƙa Keke daga Kwangila: Gorata a rana take yini. Na gani a WhatsApp cewa ruwan da ya yi zafi a roba, ko wanda ya ƙanƙare a firji, yana jawo cutar daji. Gaskiya ne?

Malam, a juya gindin gorar a duba, za a ga lamba a cikin wata alama mai kusurwa uku. Lamba 1 ita ce PET, robar ruwan kanti da lemo, wadda aka yi don a sha sau ɗaya. Zafi da daɗewa suna ƙara yawan sinadaran da ke fita daga jikinta, irin su antimoni da kuma acetaldehyde mai sauya ɗanɗanon ruwa. Abin da ke fita kaɗan ne, ba wanda zai kwantar da kai don ka sha yau ba, amma ba na son mutum ya mai da shi abin shansa na kullum, balle a zafin Maris da Afrilu da Zariya ke kusantar digiri 40. Lamba 2 da 4 da 5 sun fi dacewa da amfanin yau da gobe. Lamba 7 gayyar robobi ce, a cikinsu akwai mai ɗauke da BPA, sinadarin da ke kwaikwayon aikin homon, wato sinadaran da jiki ke samarwa don daidaita ayyukansa. Saboda shi Tarayyar Turai ta hana irin wannan robar a fidar jarirai a 2011, Amurka ta biyo baya a 2012. Don haka iyaye mata su daina zuba tafasasshen ruwa a tsohuwar fidar da ba su san irin robarta ba.

Maganar firji kuwa ba ta da tushe. Sanyi rage fitar sinadarai yake yi, kuma gubar dioxin da ake ambata a saƙon a wajen ƙona roba take samuwa. Ka sa gorarka a ƙarƙashin kujera, ka naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma, in da hali ka sayi ta ƙarfe.

Wata mai sana'a daga Tudun Wada: Ina sayar da zoɓo da kunun aya a gorunan da nake saya wajen yara masu tsinta. Wani ya ce ina raba wa mutane cuta, abin ya tsaya min a rai.

Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka, kuma na ji daɗi da kika tambaya. Wannan ya fi damuna a kan duk maganar sinadarai. Gorar da aka tsinto a gidan biki ko tasha ko bola, ba ki san bakin wa ya taɓa ta ba, ba ki san me aka zuba a ciki bayan an shanye ruwan ba. Taifot da kwalara da ciwon hanta nau'in A duk ta hanyar ci da sha suke shiga jiki. Kunun aya kuma ga zaƙi ga saurin lalacewa, ƙwayoyin cuta ba sa neman abin da ya fi haka. In za ki iya sayen sababbin goruna a kasuwar Sabon Gari ki ɗan ɗora kuɗin a kan farashi, shi ya fi. In ba hali, ki zubar da duk wadda ta lotse ko take wari, ki wanke sauran da sabulu har da murafensu, ba a bahon ruwa ɗaya da ya riga ya yi dauɗa ba. Daga nan ki zuba ƙaramin cokali ɗaya na bilic na wankin kaya marar ƙamshi a lita ɗaya ta ruwa, ki girgiza a cikin kowace gora ya taɓa ko'ina, ki juye, ki ɗauraye da ruwa mai tsabta, ki bari su bushe. Kada ki zuba musu tafasasshen ruwa, PET motsewa take yi. Ruwan haɗin zoɓon ma a dafa shi.

Wani manomi daga Shika: Jarkar da na gama maganin feshi da ita, in na wanke ta sosai zan iya zuba ruwan sha?

A'a, Malam, ko sau nawa ka wanke. Roba tana tsotse gubar ta riƙa sakinta a hankali, haka ma jarkar fetur. Ka huda gindinta don kada wani ya tsinta ya yi amfani da ita. Ina kuma roƙon magidanta su daina ajiye kananzir ko fiya-fiya a gorar lemo, domin yaro mai ƙishirwa gorar yake gani, bai san abin da ke ciki ba. In yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, saboda aman ne ke kai kananzir cikin huhu. A cire masa kayan da suka jiƙe, a garzaya da shi asibiti tare da gorar, ko da ana ganin lafiyarsa ƙalau.