Amsa kan tsohuwar kujerar karammiski

Ƴar'uwa, kin tambayi me za ki duba kafin ki sayi tsohuwar kujerar karammiski. Ni dai katakon nake fara dubawa, don yadi ana canza shi amma katako in ya ruɓe shikenan. Ki kifa ta ki leƙa ƙasa, in kin ga ƙananan ramuka da garin katako to ƙwari sun shiga, ki haƙura kawai. Sannan ki zauna ki ji sifirin ɗin, ki shinshina ko tana warin danshi.

Wadda ta kai shekara 100 galibi gashin doki ne a ciki, soson roba sai wajen 1950 ya yaɗu kuma shi marmashewa yake in ya tsufa. In da yara a gidan ki guji karammiskin siliki wallahi baya jure wahala, na auduga ya fi. Kuma kar ki ajiye ta jikin taga, rana tana koɗar da kalar.